Matakan Haɗa Shayin Mate da Shan Sa a Gonakin Misiones

Wanda ya ziyarci gonakin yerba mate, tsiron da ake yin shayin mate da ganyensa, a lardin Misiones na ƙasar Ajantina, musamman kewayen garin Apóstoles, da wuya ya tafi ba a miƙo masa ƙoƙon mate ba, don haka gara ya san tsarin tun kafin ya isa.

Da farko, a zuba busasshen ganyen a ƙoƙon duma har ya kai kashi biyu cikin uku. A rufe bakin ƙoƙon da tafin hannu, a kife shi a girgiza, sannan a karkata shi domin ganyen ya taru a gefe guda. A gurbin da ya rage ake fara zuba ruwa mai ɗumi kaɗan, a jira ganyen ya tsotse shi, sannan a soka bombilla, bututun ƙarfen nan mai matata a gindinsa. Ruwan da za a riƙa ƙarawa kada ya tafasa. Zafin digiri 70 zuwa 80 a ma'aunin Celsius ya wadatar, domin tafasasshe yana ƙona ganyen.

Mai haɗawa ne ke shan zubin farko, wanda ya fi ɗaci, sannan ya cika ya miƙa wa na kusa da shi. Idan ƙoƙon ya zo hannunka, ka shanye duka har bututun ya yi ƙara, ka mayar wa mai haɗawa, kuma kada ka motsa bututun, abin da baƙi suka fi yin kuskure a kai. Godiya kuwa sai ka ƙoshi, domin da zarar ka ce "gracias" za a tsallake ka a zagaye na gaba.