Yadda Za Ka Ziyarci Fadar Himeji a Japan

1. Daga tashar Shin-Osaka da ke birnin Osaka, hau jirgin ƙasa mai gudu, Shinkansen. Kusan rabin awa ne zuwa Himeji.

2. Kana fita ta ƙofar arewa za ka hango fadar fara tas a ƙarshen titin Otemae. Taka da ƙafa, minti 15 zuwa 20.

3. Yi sammako. Ana buɗewa da ƙarfe 9, kuma farkon Afrilu, lokacin furen sakura, layi kan yi tsawo sosai. Sayi tikitin da ya haɗa da lambun Koko-en da ke kusa da fadar.

4. A ƙofar babbar hasumiya za ka tuɓe takalmi, ka riƙe shi a leda. Sa safa mai kauri, don katakon akwai sanyi lokacin hunturu. An kammala hasumiyar a 1609, tana cikin irin waɗannan hasumiyoyi 12 kacal da suka rage da ginin asali a Japan, shi ya sa babu lif. Matakalan a tsaye suke, ga ƙunci, ga katakon sama mai buge kai. Mai ciwon gwiwa ya haƙura da hawa na shida, tsakar gidan ma ta isa kallo.

5. In ka sauko, wuce Koko-en ka huta.