Yadda Ake Yi wa Mutum-mutumi Ishara da Hannu a Masana'anta

A masana'antun sarrafa shinkafa irin na Argungu da Birnin Kebbi, ƙarar injina kan hana ma'aikata jin maganar juna, shi ya sa ishara da hannu za ta yi amfani duk inda aka kawo mutum-mutumi mai jera buhuna.

Da kyamara na'urar take ganin ka. Saboda haka ka tsaya a wurin da aka shata, kana fuskantar ta, bayan ka tabbatar ƙurar ɓuntu ba ta rufe gilashin ba, domin ƙura da ƙarancin haske suna sa ta kasa bambance yatsu. Ka naɗe hannun riga mai faɗi. Ka yi ishara ɗaya tak daga cikin waɗanda aka koya mata, ka tsayar da hannunka har fitilarta ta nuna ta karɓa, sannan ka yi ta gaba. Mutum biyu kada su ba ta umarni lokaci guda.

Sai dai ko ta tsaya cak, kada ka shiga da'irar aikinta bisa dogaro da ishara kaɗai, domin kyamara tana kuskure. Idan haɗari ya taso, jan maɓallin tsayarwar gaggawa za ka danna, kuma wajibi ne ka san inda yake tun kafin a kunna ta.