Darasi na 7: Mai Jinya Ma Yana Buƙatar Hutu

A wani gida da ke bayan Shara Mansur a Makka akwai wata uwa mai ɗa ɗan shekara 14. Tun haihuwarsa ba ya tafiya, ba ya iya kai loma bakinsa. Ita ke ɗaga shi, ita ke yi masa wanka, ita ke juya shi da tsakar dare don kada kwanciya ta ci masa baya. Ga Harami kusa, amma ta fi shekara rabonta da ɗawafi. Ran nan ƙanwarta ta shigo ta tarar da ita tana gyangyaɗi a zaune, cokali a hannu, kunun yaro ya huce.

"Yaya, kin gaji fa. Ki bari a nemo miki mai kama miki."

"Wa zan bar wa shi? Ai sai a ce na gaji da ɗana."

Tsoron "za a ce" ya kwantar da iyaye mata da yawa. Jiki da jini ne. Mai ɗaga babban yaro safe da yamma, ga rashin barci, wata rana bayanta zai ƙage ko jininta ya hau. Ranar da ta kwanta, marasa lafiya sun zama biyu a gida ɗaya. Saboda haka hutunta yana cikin haƙƙin yaron, kuma babu laifi a kashe kuɗin tallafin da gwamnati ke ba shi saboda naƙasarsa don ta samu sarari.

A Saudiyya, ma'aikatar da ke kula da ma'aikata da walwalar jama'a, wadda aka fi sani da Mawarid Bashariyya, ita ke riƙe da wannan tallafi. A 2018 an kafa hukuma ta musamman don masu naƙasa, a 2023 kuma aka fitar da sabuwar dokar haƙƙoƙinsu. Matakin farko shi ne rahoton likita. Da shi ake neman tantance naƙasa a shafin ma'aikatar na intanet, ana shiga ta Nafath, manhajar gwamnati ta tabbatar da shaidar mutum. In karatun Larabci bai zauna miki ba, ki sa ɗanki ko 'yarki su cike, amma ki zauna kusa a karanta miki kowane layi. Kada ki rage wa likita komai don kunya. In yaron ba ya riƙe fitsari, ki faɗa. In yana tashi sau huɗu a dare, ki faɗa. Yawan kuɗin da ake bayarwa yana bin tsananin naƙasar da aka rubuta.

Bayan tantancewa sai a nemi tallafin kuɗi. Akwai kuma cibiyoyin kula da yara na rana, inda ake kai yaro da safe, a yi masa gashin ƙashi da koyarwa, ya dawo gida da rana. Ma'aikatar tana biya wa waɗanda suka cika sharaɗi kuɗin irin waɗannan cibiyoyi masu zaman kansu. A ganina wannan ya fi komai sauƙaƙa wa uwa, domin kullum tana da 'yan sa'o'i nata na kanta: ta yi barci, ta je asibiti don kanta, ta leƙa gidan biki ko na gaisuwa. Wanda naƙasarsa ta kai a ɗauko masa direba, ko mai aiki, ko mai jinya daga waje, ana iya yafe masa kuɗin biza da na iƙamarsu. Albashi dai yana kan iyali, a yi lissafi tukuna. Lambar tambaya a ma'aikatar ita ce 19911. Don neman a riƙa duba marar lafiya a gida kuwa, a tambayi asibitinsa ko a kira 937, lambar ma'aikatar lafiya.

Yawancin tallafin kuɗin nan na 'yan ƙasa ne. Hausawanmu masu zaman iƙama sai su tuntuɓi ƙungiyoyin agaji, kowace da nata sharaɗi. Ƙungiyar Yara Masu Naƙasa, wadda aka kafa a Riyad a 1982, tana da cibiyoyi a Makka da Madina da Jidda. Ko an samu ko ba a samu ba, dangi su raba kwanaki. "In kina buƙata ki kira ni" ba taimako ba ne, don ba za ta kira ba. A tsayar da rana: ƙanwa ta ɗauki Talata, kawun yaro ya zo Juma'a bayan la'asar ya yi masa wanka.

Aikin gida: ki ɗauki takarda ki rubuta lokutan maganin wanda kike jinya, da irin abincin da yake iya haɗiyewa, da yadda yake nuna yana jin ciwo ko ƙishirwa, da lambar wayarki a ƙasa. Ki manna ta a jikin firji don mai karɓarki. Ki zo da kwafinta aji mako mai zuwa, mu gyara rubutun tare.