Kurakuran da aka fi yi wajen ɗora labarin Scrooge a kan dandamali

Charles Dickens ya fitar da A Christmas Carol a Landan a watan Disamba na 1843, kuma har gobe gidajen wasan kwaikwayo na garuruwa da dama a Amurka da Ingila da shi suke rufe shekara. Gidan Guthrie na Minneapolis ya fara yin sa a 1975, gidan Goodman na Shikago a 1978. Yawan maimaitawar ne ke kawo sakaci, sai a ɗauka kowa ya san labarin, a zuba ƙarfi a kan hayaƙi da fitilu, a manta da mutumin da aka taru a ga tubansa.

Babban kuskure yana wajen Scrooge kansa, attajirin marowacin da fatalwowi suka ziyarta a daren jajibirin Kirsimeti har ya tuba. Ɗan wasa yakan mai da shi dodon ban dariya, yana gurnani har zuwa bakin kabari, sannan farat ɗaya ya tashi yana tsalle. 'Yan kallo za su yi dariya, amma ba za su yarda ya tuba ba. Marowacin nan gani yake yana da gaskiya. Da masu neman taimakon talakawa suka zo masa, hujja ya kawo: ai akwai kurkuku da gidajen aikin talakawa, kuma da kuɗinsa ake tafiyar da su. A bar shi ya faɗi wannan cikin natsuwa, kamar mai lissafin riba. Kuma kada a datse wurin don rage lokaci, domin wasu kalmominsa na wannan wurin ne fatalwa ta biyu cikin ukun da aka aiko masa za ta mayar masa idan ya tambayi ko Tiny Tim, ɗan akawunsa mai rashin lafiya, zai rayu.

Gyaran shi ne darakta da ɗan wasa su zauna da rubutun su sa alama a duk inda zuciyarsa ta motsa. Na farko lokacin da ya ga kansa yana yaro shi kaɗai a makaranta, ya yi kuka, ya tuna yaron da ya kora daga ƙofarsa yana waƙa. Na biyu a wajen bikin Fezziwig, tsohon ubangidansa, inda ya ji yana son yi wa akawunsa magana mai daɗi. Sai rabuwarsa da budurwarsa Belle, sai gidan akawun nasa Bob Cratchit, sai kabarinsa. Kowane mataki ya ɗan ɗara na baya, kuma bayan kowanne ya yi ƙoƙarin komawa halinsa. Wannan ja-in-jar ita ce wasan.

Sarƙar Marley, marigayi abokin kasuwancin Scrooge da fatalwarsa ke fara zuwa da gargaɗi, ita ma tana ɓata dare da yawa. Littafin ya ce an haɗa ta da akwatunan kuɗi, makullai, kwaɗo da littattafan lissafi, sai masu shirya kaya su sayo sarƙar ƙarfe ta gaske. Nauyinta zai gajiyar da ɗan wasa, ta kankare daɓen dandamali, ƙararta kuma ta danne maganar da ke bayyana dokar labarin gaba ɗaya. A yi ta da roba ko soso a shafa mata fenti, akwatunan kuma da kwali mai kauri. Ƙarar ta fito daga bayan labule: mutum ɗaya riƙe da guntuwar sarƙar ƙarfe kusa da makirufo, yana girgiza ta a tsakanin jimloli kawai.

Hazo yana da haɗarinsa. Busasshiyar ƙanƙara, wadda ake yin hazon da ita, sanyinta ya kai digiri 78.5 ƙasa da sifiri a ma'aunin Celsius, ba a taɓa ta sai da safar hannu mai kauri. Iskar da take fitarwa ta fi wadda muke shaƙa nauyi, don haka takan gangara ta taru a ramin makaɗa ko ƙarƙashin dandamali. Kada a kwantar da kowa cikinta, balle yaro, kuma a goge daɓe kafin masu rawa su fito, domin tana barin laima. Injin hayaƙi kuwa yana iya tayar da ƙararrawar gobara. A gwada shi tun da wuri, na'urar ɗumama ɗaki tana aiki kamar daren wasa, tare da sanin jami'an kashe gobara.

Wajen bayyanar fatalwa, labulen raga ya fi sauƙi. Idan aka haska shi daga gaba, bayansa kuma duhu, bango ake gani. Idan aka rage hasken gaba aka kunna na baya, sai mutum ya bayyana. Abin da ke tona asiri shi ne ɗan hasken da ke zubowa daga gefe kafin lokaci. Tsohuwar dabarar gilashin da ake karkatawa digiri 45 don ya nuna surar mutumin da ke ɓoye tana da kyau, amma na kujerun gefe ba sa ganin ta sosai, gara a bar ta ga ƙaramin abu kamar fuskar Marley a jikin ƙofa. Fatalwa ta uku ba ta magana, nuni kawai take yi. Sa mata murya rage mata kwarjini ne.

Labarin yana yawo wurare da yawa, kuma duk sauyin fage da aka yi cikin dogon duhu yana kashe shi. A sa wa gadon Scrooge tayoyi masu birki, 'yan wasa su riƙa ɗauke kaya da kansu mai ba da labari yana ci gaba.

Gidan Cratchit kada a cika shi da kayan daɗi. Sule 15 Bob yake samu a mako, kuma abincin da iyalin ke yabawa bai taka kara ya karya ba. Idan teburinsu ya cika, talotalon da Scrooge zai aiko ba shi da amfani. Yara 'yan wasa a tanadi rukuni biyu suna karɓa-karɓa, saboda makaranta da murar Disamba, kuma a auna sandar Tiny Tim daidai tsayin kowane yaro. Haka nan kada a cire yaran nan biyu, Jahilci da Rashi, da ke ɓoye cikin rigar fatalwa ta biyu, don tsoron firgita iyalai. Ta kansu Dickens ya juya zargin zuwa ga al'umma duka.

Littafin ya fita daga haƙƙin mallaka, amma rubutun wasan da wani ya tsara daga gare shi yana iya zama mallakarsa, sai an nemi izini.

Safiyar Kirsimeti kuma a ba ta lokacinta. Scrooge ya aika talotalo ba tare da sunansa ba, ya raɗa wa mai neman taimako abin da zai bayar, ya yi ta kai-komo a ƙofar Fred, ɗan 'yar'uwarsa, kafin ya iya ƙwanƙwasawa, washegari ya ƙara wa Bob albashi. A gwada waɗannan fage huɗu tun makon farko na atisaye, kada a bar su sai 'yan wasa sun gaji.