Yadda za ka gano ƙarar da ke fitowa daga bayan motarka

Wata uku cur motata tana wata ƙara daga baya, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da ɗan yatsa. A kan lafiyayyar kwalta shiru kake ji. Da na hau gargada sai ta dawo. Na kai wa wani bakanike, ya danna bayan motar sau biyu, ya ce shokazoba ne, wato abin da ke kashe girgizar mota a kan gargada. Aka canza duka biyun. Ban yi nisa da garejin ba ƙarar ta dawo yadda take, ba ragi. Kuɗi sun tafi, kuma har lokacin ban san ko abin da ke ƙarar zai iya cire min taya ina cikin gudu ba, alhali da iyalina nake hawa motar. Wannan fargabar ce ta sa na zauna na bi abin da kaina.

Ga abin da na koya, kuma shi nake so ka riƙe: kada ka sayi ko da noti ɗaya sai ka iya tayar da ƙarar a duk lokacin da ka ga dama. Ka nemi wani ɗan yanki na hanya, marar cunkoso, wanda ka tabbatar duk sanda ka bi shi motar sai ta yi ƙarar. Nawa bai fi mita 200 ba, da ƙananan ramuka a jere ta gefe ɗaya. Ka riƙa bin sa da gudu iri ɗaya, kamar kilomita 20 zuwa 30 a awa, rediyo a kashe, fanka a kashe, gilasai a rufe. Duk abin da ka taɓa a motar, ka dawo nan ka gwada. Kuma abu ɗaya za ka riƙa taɓawa a kowane zagaye, don in ka ɗaure abu biyar ƙarar ta ɗauke, ba ka san wanne ne ba, ran da ta dawo sai ka koma farko.

Kafin komai, ɗauki sifanar taya ka bi notocin tayoyin baya ɗaya bayan ɗaya. Minti biyu ne, amma a duk abubuwan da zan ambata wannan ne ke iya kashe mutum a yau ɗin nan. Taya mai kwance noti tana ƙwanƙwasa daidai da juyawarta, ƙarar tana ƙara sauri in ka ƙara gudu. Yawancin ƙananan motoci ana ɗaure notocinsu tsakanin 100 zuwa 140 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗaure noti), ainihin adadin naka yana cikin littafin motar.

Sannan ka kwashe but ɗin kakaf. Kakaf nake nufi, har da safaya, jak, sifana, abin kashe gobara, da faifan da ke rufe ramin safayar. Mutane suna raina wannan matakin saboda ya yi sauƙi da yawa, alhali jak da ba a murɗa shi ya kama mazauninsa ba yana ƙara tamkar ƙafar mota ta lalace. Haka safayar da ƙusar tsakiyarta ta saki. But kamar ganga yake: rami ne na ƙarfe, ɗan ƙaramin abu ya motsa a ciki sai ya cika mota da amo. Jikin mota kuma ƙarfe ne a haɗe, sauti yana bin sa ya fito can wani wuri, shi ya sa daga kujerar direba kunne yake yaudarar mutum. Ni na rantse ƙarata daga dama take. Ta hagu ce.

Saboda haka ka samu wani ya zauna a baya yana saurare kai kana tuƙi, ko shi ya tuƙa kai ka saurara. Ni ƙanena ne ya taya ni. In kujerun baya suna kwantawa, ku kwantar da su don a ji cikin but sosai. Kada kowa ya shiga but mota tana tafiya, kuma kada ku yi gwajin da murfinsa a buɗe, domin hayaƙin salansa yana juyowa cikin mota, iskar da ke kisa a cikinsa kuwa ba ta da wari. Mai sauraron ya riƙa dafa abubuwa da tafin hannu: ƙarfen bel ɗin kujera da ke lilo yana bugun jikin mota, makullin da ke riƙe bayan kujera, matashin kai, faifan da ke ƙarƙashin gilashin baya, da fitilar birki ta sama. Duk abin da ya dafa ƙarar ta yi shiru, an gama. Daga waje kuma ka buga lambar mota da hannu, ka girgiza bamba, ka danna murfin but a rufe ka ji ko yana wasa. Waɗannan duk ɗan soso ko ɗaure ƙusa ke maganinsu.

In duk wannan bai kama ɓarawon ba, ka daina tambayar daga ina take fitowa. Ka koma tambayar yaushe take yi, don ita ce ke raba gardama.

Tsaya cak, ka ja birkin hannu, giya a firi, inji yana aiki, a fili ba cikin rufaffen ɗaki ba. Ka taka totur a hankali, allurar da ke nuna saurin juyawar inji tana hawa daga 1,000 zuwa wajen 3,000. In a wani wuri ka ji zirrr kamar ana kaɗa gwangwani, sannan ta ɗauke da ka wuce wurin, to ka bar ƙafafun mota su huta, matsalar tana wajen salansa. Mafi yawa wani siririn faranti ne na alminiyum da ake sawa tsakanin salansa da jikin mota ko tankin mai don tare zafi. Da ƙusoshin ƙarfe ake ɗaure shi, in ruwa ya daɗe yana shiga tsakanin ƙarfe da alminiyum sai alminiyum ɗin ya cinye daidai kewayen notin, ramin ya faɗaɗa, farantin ya zauna yana rawa. Babbar washa ke gyara shi. Don Allah kada ka yarda a cizge shi a yar, kamar yadda wasu ke yi don su huta, ba don ado aka sa shi kusa da tankin mai ba.

Ka bari salansar ta huce sarai kafin ka taɓa, domin akwai sashen da zafinsa ke wuce digiri 400. Sai ka kama bakinta ka girgiza sama da ƙasa, hagu da dama. Da robobi aka rataye ta, ya kamata ta yi lilo ba tare da ta taɓa komai ba. In roba ɗaya ta tsinke ko ta saki, za ka ji ta bugi jikin mota, gwaf. Ka kuma daki tukunyar salansar da dunƙulen hannu: in ka ji kamar tsakuwa a ciki, wani abu ya karye a cikinta.

In kuwa a tsaye shiru, sai ana tafiya, to koma hanyar gwajinka. Da ƙarar ta fara, ɗora ƙafa a kan birki kaɗan, taɓawa kawai, ba tare da motar ta rage gudu sosai ba. In ta ɗauke nan take, ta dawo da ka ɗaga ƙafa, birki ne. Ko dai fad ɗin birkin suna wasa a mazauninsu saboda ƴan siraran ƙarafan da ke matse su sun karye ko an manta ba a mayar ba a gyaran baya, ko kuma sandunan da kalifa, wato ƙarfen da ke matse fad ɗin a jikin faifan birki, ke zamewa a kai sun sassauta, giris ɗinsu ya bushe. A motar da birkin bayanta na ganga ne, sifirin da ke riƙe takalmin birki ne kan saki. Wannan gwajin kyauta ne, kuma ina mamakin yadda ba a cika yin sa ba. A tawa na taɓa birki, ƙarar ta ci gaba abinta, na cire birki daga lissafi.

Gwajin da ya buɗe min ido shi ne na tudun rage gudu. Na hau shi kai tsaye, tayoyin baya biyu suka hau tare: kusan shiru. Na juyo na hau shi a karkace, taya ɗaya ta riga ɗaya hawa: ƙwas-ƙwas, ɓaro-ɓaro. Dalilin yana cikin yadda stabilaiza ke aiki. Sandar ƙarfe ce da ta ratsa daga hagu zuwa dama don hana mota kwanciya a kwana, kuma a kowane gefe akwai ɗan guntun ƙarfe da ke haɗa ta da ƙafar mota, wanda ake kira linkeji. In tayoyin biyu suka ɗaga tare, sandar juyawa kawai take yi a cikin robobinta, ba wani nauyi a kan linkejin. In taya ɗaya ce ta ɗaga, sandar murɗewa take yi, duk ƙarfin ya bi ta kansa. Kan linkejin ƙwallo ne a cikin kwasfa, da giris, da roba a rufe. Robar ta yage, ƙura da ruwa su shiga, ƙwallon ya ci, sai ya fara bugu a kan kowane ɗan rami. Shokazoba da ya mutu, ko robar samansa da ta farfashe, ya fi yin dum mai nauyi a babban rami, ko da tayoyin sun hau tare. Akwai motocin da ba su da linkeji a baya sam, ka leƙa ka gani tukuna.

Yanzu sai shiga ƙarƙashi, kuma nan ba na sassauci. Jak ɗin da ya zo da mota na canza taya ne kawai. Kada ka sa kanka ko hannunka a ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ka samu ramin gareji, ko ƙafafun ƙarfe da ake jingina mota a kai, a kan daɓe mai ƙarfi, ka kuma tokare tayoyin gaba, domin birkin hannu na yawancin motoci tayoyin baya yake kamawa, in ka ɗaga su babu abin da ke riƙe motar.

Ga tarkon da ya ci min makonni. Sau biyu ana ɗaga gefe ɗaya na motar a girgiza linkejin, a ce lafiyarsa lau. Haka kuwa yake ji a hannu, tamau. Ashe in ka ɗaga taya ɗaya ka bar ɗaya a ƙasa, ka murɗe sandar ke nan, ta ja linkejin ta tsuke shi, duk wasan da ke ciki ya ɓuya. Dole tayoyin biyu su kasance daidai, ko duka a ƙasa ko duka a sama. Da muka sa motar a kan rami, na riƙe linkejin hagu a tafin hannuna, ƙanena ya kama rufin motar yana jijjiga ta gefe da gefe. Kafin kunnena ya ji komai, tafina ya ji: tak, tak, tak, a kowace jijjiga. Na haska tocila, robar kansa ta tsage ta baya inda ido ba ya kaiwa, ga jan garin tsatsa ya fito ta tsagar. Na kama na dama, ko motsi. Wannan jan garin ka riƙa neman sa a duk mahaɗar da ka duba, alama ce ta ƙarfe yana cin ƙarfe ba giris.

Duk da haka ban sayi sabo ba sai da na tabbatar. Na cire linkejin, na ɗaure bakin sandar da waya nesa da taya da tiyon birki, na bi hanyar gwajina a hankali. Shiru. Amma ka san iyakar wannan gwajin: cire ɗaya yana sauke wa sandar nauyi gaba ɗaya, don haka ɗayan linkejin da robobin sandar su ma za su yi shiru. Yana gaya maka yankin da matsalar take, hannunka ne ke nuna maka ainihin mai laifin. Kuma na ƴan mintoci ne, kada ka shiga babbar hanya a haka, motar tana kwanciya a kwana fiye da yadda ka saba.

Tunda kana ƙarƙashin, ka ƙarasa dubawa. Ka bi babban sifirin ƙafar motar da tocila har zagayensa na ƙasa, can yake karyewa, guntun ya zauna a mazauninsa yana ƙara. Ka duba ko mai ya jiƙa jikin shokazoba, da robobinsa na sama da ƙasa. Ka taɓa wayar birkin hannu da maɗaurin tankin mai. In taya tana sama, kama ta sama da ƙasa, wato ƙarfe 12 da ƙarfe 6 na agogo, ka girgiza: wasa a nan yakan nuna boris, wato abin da taya ke juyawa a kansa, ko da yake shi ya fi yin gunji mai ƙaruwa da gudu.

Na canza linkeji biyun tare, tunda shekarunsu ɗaya kuma wahala ɗaya suka sha. Wajen ɗaurewa ƙusar takan bi notin tana juyawa, sai ka riƙe ta da alanki (ɗan lanƙwasasshen ƙarfe mai kusurwa shida) ko siririyar sifana, kada ka damƙe ta da filaya ta wajen robar, sabuwar ma za ka yaga. Da na gama na bi hanyar nan tawa sau uku ba kaya, sannan na mayar da safaya da jak, na murɗa jak ɗin har ya kama mazauninsa, na sake bin ta sau ɗaya kafin na kunna rediyo.