Yadda Ake Ƙara Mafitar Fasif a Firi'amf na Bawul da Aka Haɗa da Hannu

Mafitar fasif hanya ce da sauti ke bi daga soket ɗin shiga, ya ratsa makunnin zaɓen na'ura da bolum, ya fita zuwa babbar amfilifaya mai tura lasifika ba tare da ya taɓa bawul ko ɗaya ba, wato kwalaben gilashin da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Ba ta ƙara wa sauti ƙarfi, ragewa kawai take yi, kuma tana aiki ko firi'amf ɗin, wato na'urar da sauti ke ratsawa kafin babbar amfilifaya, a kashe yake. Amfaninta a fili yake. Na'urar CD ko DAC (mai mayar da sautin dijital zuwa na analog) tana fitar da kusan 2 V, manyan amfilifayoyi da yawa kuwa 1 V zuwa 1.5 V ya ishe su kaiwa ƙarshen ƙarfinsu. Idan ka sa bawul irin 12AU7 a tsakani ya ninka sautin fiye da sau goma, za ka tarar bolum ba ya wuce farkon juyinsa, inda ƙarfin sautin hagu da na dama suka fi saɓa wa juna.

Haɗa wayoyin aikin yini guda ne. Abin da ke sa a ji daɗin aikin ko a yi da-na-sani shi ne girman bolum ɗin, don haka da shi za a fara kafin a taɓa diril.

Lissafin da ba a tsallakewa

Duba lambar da ke jikin fotenshiyomita, wato bolum. A firi'amf na bawul yawanci 100 kΩ ne, a wasu tsofaffin zane har 250 kΩ. Girid ɗin bawul, wato ƙafar da sauti ke shiga ta cikinta, bai damu da wannan ba, domin kusan ba ya jan komai, kuma wayarsa gajera ce. Amma da zarar ƙafar tsakiya ta bolum ta koma ita ce ke tura sauti cikin doguwar wayar RCA, zance ya sauya.

Turjiyar da bolum ke nunawa a ƙafar tsakiya tana kaiwa ƙololuwa a inda yake fitar da rabin sautin, kuma kashi ɗaya cikin huɗu ce ta girmansa: 25 kΩ ga bolum na 100 kΩ, 62.5 kΩ ga na 250 kΩ, 2.5 kΩ ga na 10 kΩ. Ita kuma wayar RCA ta gama-gari tana da kafasitans, wato iya tara ɗan caji, wajen 100 pF a kowace mita. Waɗannan biyu in sun haɗu sai su zama matata mai shanye siririn sauti. Da bolum na 100 kΩ da waya mita 2, sauti yana faɗuwa da 3 dB a kusan 32 kHz, ma'ana a 20 kHz an riga an yi asarar wajen 1.5 dB. In aka rage wayar zuwa mita 1, asarar ta koma kusan 0.4 dB, wadda za a iya zama da ita. Da na 250 kΩ da waya mita 2, faɗuwar tana a kusan 13 kHz, kuma wannan kowane kunne zai ji shi: kiɗa ya dushe kamar an lulluɓe lasifika da bargo. Da na 10 kΩ kuwa faɗuwar ta haura 300 kHz, babu ruwan kowa da ita.

Sai turjiyar shigar babbar amfilifaya. Ta bawul tana yawan zama 100 kΩ ko sama, ta taransista kuwa 10 kΩ zuwa 47 kΩ. Abin da ake so shi ne ta ninka turjiyar da bolum ke nunawa a ƙafar tsakiya kusan sau goma. Bolum na 100 kΩ a kan amfilifaya mai 10 kΩ haɗi ne mara kyau: sauti zai yi ta noƙewa a yawancin juyin, ya zabura gab da ƙarshe.

Hanyoyi biyu ke nan. In bolum ɗinka 50 kΩ ne ko ƙasa, ko kuma 100 kΩ ne amma wayarka ba ta wuce mita 1 ba kuma amfilifayar ta bawul ce, yi amfani da shi. In ba haka ba, sa wa mafitar nata bolum daban, na 10 kΩ ko 20 kΩ. Ta biyun ta fi, ko da yake tana cin rami ɗaya a fuskar akwati.

Ƙaramin bolum ma yana da nasa sharaɗi, domin nauyinsa a kan na'urar da ke ba shi sauti yake sauka. Na'urorin CD da DAC na zamani ba sa jin 10 kΩ. Amma na'ura mai fita ta bawul da kafasita 0.47 µF a bakinta za ta rasa kaurin sauti, don a kan 10 kΩ faɗuwar tana a kusan 34 Hz. Irin wannan a ba ta 20 kΩ ko 50 kΩ. Sashen fono (mai karɓar sautin faifan garmaho) na cikin firi'amf ɗin, in akwai shi, a bar shi a hanyar bawul. Yana buƙatar wuta, kuma in daga filet ɗin bawul 12AX7, wato ƙafar da babbar wuta ke kai, yake fita kai tsaye, ba zai iya tura ƙaramin bolum ba.

Kaya

Soket ɗin RCA biyu masu wasar roba da ke raba su da ƙarfen akwati. Makunni DPDT ɗaya, mai ƙafa shida mai juya layi biyu lokaci ɗaya, wanda bakinsa na ciki ruwan zinare ne; mai azurfa don babbar wuta aka yi shi, a kan ƙaramin sauti yakan yi dattin da ke kawo ƙaraf-ƙaraf. Waya mai sulke wajen rabin mita. Rezista 1 MΩ guda huɗu. Rezista 100 kΩ mai 2 W ko sama, da ƙananan maƙalai biyu masu rufin roba, don sauke wuta. Ga hanya ta biyu, bolum tagwaye mai juyin log, irin Alps RK27. Kada ka dogara da harafin A ko B da ke jikinsa, kamfanoni sun saɓa a kan ma'anarsu. Kai shi tsakiyar juyi ka auna: na log yana nuna wajen kashi 10 zuwa 20 cikin 100 a gefe ɗaya, na miƙe kuwa rabi daidai.

Sauke wuta

Firi'amf na bawul yana ɗauke da 250 V zuwa 350 V, kuma manyan kafasitoci suna riƙe ta bayan an cire filogi. Wannan wuta tana kisa. Cire filogi daga bango, maƙala rezistar 100 kΩ tsakanin giraun (layin 0 V na na'urar) da ƙafar + ta kafasitar farko, ka fara da giraun, da hannu ɗaya. Kafasita 47 µF tana sauka cikin kusan daƙiƙa 25, in suna da yawa sai a ƙara jira. Auna kowace da mita har ka ga ƙasa da 10 V. Bar rezistar a maƙale muddin kana aiki, domin kafasita takan sake tara 'yar wuta da kanta, kuma ka rubuta wa kanka takarda a kan filogin cewa sai an cire ta kafin a kunna.

Zare bawuloli ka ajiye. Kafin huda, rufe cikin akwati da kyalle ko takarda da salatif. Ɓurɓushin ƙarfe guda ɗaya tsakanin ƙafafun soket ɗin bawul ya isa ya ƙona rezista. Auna wuyan kowane soket da makunni kafin ka zaɓi bakin diril. Sababbin soket su zauna kusa da na shiga, nesa da taransifoma.

Hanya ta farko: da bolum ɗin da ke nan

Cire wayar da ta tashi daga ƙafar tsakiya ta bolum zuwa girid, hagu da dama. Kai ƙafafun tsakiya na bolum zuwa ƙafafun tsakiya na makunni. Jere ɗaya na makunnin ya tafi girid, ɗaya jeren ya tafi sababbin soket.

A nan ne aka fi yin kuskure. A zane da yawa bolum ne kaɗai hanyar girid zuwa giraun. Da ka juya makunni zuwa fasif, girid ya zama a sake, bayas (wutar da ke daidaita aikin bawul) ya ɓace, bawul ya ja wutar da ta ga dama, tsohuwar mafita, wato ta hanyar bawul, ta cika da gurnani. Maganinsa rezista 1 MΩ daga kowane girid zuwa giraun, a gefen bawul na makunnin. In akwai ƙaramar rezista da ke manne da ƙafar girid, bar ta inda take, ka ɗaura 1 MΩ ɗin kafin ita. Sauran rezistoci 1 MΩ biyun a sa su a kan sababbin soket, tsakiya zuwa giraun.

Wani zai ce me ya sa ba za a jona soket ɗin a ƙafar tsakiya kawai ba, a huta da makunni? Ga dalilai. Bawul mai aiki yana ninka kafasitans ɗin da ke tsakanin girid da filet gwargwadon ƙarfinsa; a 12AX7, 1.7 pF yakan koma sama da 100 pF, kamar ka ƙara mita guda ta waya. Na biyu, in katod, wato sashen bawul da hita ke dumamawa, na da zafi amma babbar wuta ta sauka, kamar 'yan daƙiƙu bayan kashewa, girid yana jan wuta a rabin kowane kaɗawar sauti, sai murya ta karye. Haka kuma wayar fasif da amfilifayar da ke ƙarshenta za su yi wa hanyar bawul nauyi kullum.

Hanya ta biyu: da sabon bolum

Wannan ta fi sauƙin haɗawa. Yanke wayoyi biyun da suka fito daga makunnin zaɓen na'ura zuwa tsohon bolum, ka kai su ƙafafun tsakiya na DPDT. Jere ɗaya ya koma tsohon bolum, ɗaya ya tafi ƙafar shiga ta sabon. Ƙafar tsakiya ta sabon ta tafi soket. Girid bai rasa hanyarsa ta giraun ba, tsohon bolum yana nan yana riƙe da shi. Don gane ƙafafu, murɗa bolum ƙarshen hagu: ƙafar da mita ta nuna kusan sifili tsakaninta da ta tsakiya ita ce ta giraun.

Giraun da hanyar waya

Giraun ɗin sababbin soket da na sabon bolum su haɗu a daidai wurin da giraun ɗin soket na shiga suke haɗuwa, ta hanya ɗaya tak. In soket ya taɓa akwati kuma ga waya, an yi zobe, zobe kuwa gurnani yake kamawa. Sulken waya ko dai ya zama shi ne hanyar giraun, ko a ɗaure shi a gefe ɗaya a ja wata waya daban. Kada a yi duka biyun. Nisanta wayoyin sauti daga murɗaɗɗun wayoyin hita na 6.3 V, in dole su haɗu su gitta juna a tsaye. Wayar at, wato wayar kariya ta filogi, da ke ɗaure a jikin akwati kuwa ba a cire ta don neman shiru, ita ce tsakaninka da wutar bango.

Gwaji

Kafin wuta, mita a kan om. Bakin soket na waje kada ya nuna haɗi da akwati sai ta wurin haɗuwar giraun. Gwada wannan kafin ka ɗaura wayarsa da dalma. Makunni a fasif, bolum a ƙarshen dama, daga tsakiyar soket na shiga zuwa tsakiyar na fita ya kamata ka ga 'yan om kaɗan. Daga kowane girid zuwa giraun kada ka ga a buɗe, ko ina makunni yake.

Sannan auna DC a bakin na'urar da ke ba da sauti. Hanyar fasif ba ta da kafasitar da za ta tare shi. In ya wuce 'yan milibolt, bolum zai riƙa ƙarce-ƙarce in ana juya shi, kuma amfilifayar da ba ta da kafasita a shigarta za ta ninka shi ta kai wa lasifika. Kafasitar fim 4.7 µF kafin bolum na 10 kΩ tana magance wannan, faɗuwarta tana wajen 3.4 Hz. Sa sautin gwaji na 400 Hz, wanda yawancin mitoci ke iya karantawa, ka kwatanta hagu da dama a wurare uku na juyi.

Cire rezistar sauke wuta, mayar da bawuloli, rufe akwati, sannan ka kunna. In makunni na yin ɗas a tsohuwar mafita, duba ko akwai rezista daga bayan kafasitar fita zuwa giraun; in babu, sa 470 kΩ ko 1 MΩ. In matakin bawul ɗinka guda ɗaya ne mai fita ta filet, yana juya fuskar sauti, fasif kuwa ba ta juyawa. Mai son daidaita su sai ya sauya ja da baƙi a lasifika biyun tare.

A hanya ta farko, bolum yakan zauna can sama in ana kan fasif. In ka juya makunni zuwa bawul a haka alhali akwai amfilifaya a kunne a tsohuwar mafita, sauti zai yi tsalle da 20 dB ko fiye a take, kuma ƙananan lasifikoki na sama ne ke fara ƙonewa. Mayar da bolum sifili kafin kowane juyi, kuma ka sa makunnin a bayan akwati inda hannu ba zai buge shi da kuskure ba.