Kurakuran da masu sana'ar hannu ke tafkawa a intanet, da yadda za a gyara

Abin da ya fi damuna da masu ƙirƙira yanzu shi ne hoton kaya ya fi kayan kyau. Mutum ya ɗinka jaka ko ya ƙera fitila da hannunsa, aiki mai kyau wallahi, amma sai ya zuba wa hoton filta, ya ƙara masa kala, wani ma ya sa manhajar AI, wato ƙirƙirarriyar basira, ta zana masa jakar a wani falo da bai taɓa shiga ba, ƙarshe kwastoma ya buɗe kwali ya ga launin daban ne da wanda ya gani a waya, to daga ranar ka rasa shi ko da kayanka sun fi na kowa. Kuma gyaran ba wuya. Ka goge gilashin kyamara da gefen riga, ka tsaya kusa da taga da rana, ka ajiye biro ko hannunka kusa da kayan don a gane girmansa. In ɗinkin ya ɗan karkace a lungu ko fatar tana da tabo ka bari a gani, wanda ke neman aikin hannu ya san hannu ba inji ba ne.

Haka rubutun ma. Tun da ChatGPT, AI ɗin da ke yi wa mutum rubutu, ya fito a Nuwamba 2022 sai ka ga shafuka goma bayaninsu iri ɗaya, kowa "inganci na musamman", kowa "mun himmatu wajen gamsar da ku", babu mai gaya maka da me aka yi abin ko kwana nawa zai kai kafin ya iso. Ni ban ce a daina amfani da shi ba fa. Amma ka fara ɗaukar muryarka a waya kana bayanin kayan yadda za ka yi wa abokinka, sannan ka rubuta abin da ka faɗa, shi kuma ya gyara maka kuskuren rubutu kawai. Ka karanta sosai kafin ka saka, don yana iya ƙara abin da ba ka ce ba, ya rubuta fata zalla alhali da roba a ciki, kuma kai za a kama da ƙarya ba shi ba.

Canva kuwa, manhajar tsara hotuna da tallace-tallace, tun 2013 ta sauƙaƙa wa mutane dizayin, matsalar dai kowa shiryayyen tsarin da ya fara gani a sama yake ɗauka. Zaɓi kala biyu da salon rubutu ɗaya ka tsaya a kai. In za ka kai aiki wajen bugawa ka tuna allon waya da haske yake haɗa kala, RGB, inji kuma da tawada, CMYK, shi ya sa shuɗi mai ƙyalli ke fitowa a dushe a takarda, don haka ka nemi a buga maka guda ɗaya ka gani tukuna. Fayil ɗin ma ka tura shi a matsayin dokumen a WhatsApp, in ka tura a matsayin hoto matse shi yake yi.

Akwai kuma masu sayen inji kafin su san me za su ƙera. Firintar 3D, injin da ke ƙera abu da roba, ta yi araha ne bayan RepRap, aikin ƙera irin wannan firinta mai sauƙin kuɗi da Adrian Bowyer ya fara a Jami'ar Bath ta Ingila a 2005, da kuma ƙarewar haƙƙin mallakar fasahar FDM, wato narka roba a jera ta hawa-hawa, a 2009, sai mutane suka yi ta saye, a buga 'yan kayan wasa na ɗan lokaci a jingine ta tana shan ƙura. Ka fara yanka abin da kwali ka ba wani ya riƙe ya gaya maka inda ya takura masa. Ka kuma san robarka, PLA tana fara laushi wajen digiri 60 na Celsius, mariƙin waya da ka yi da ita zai lanƙwashe a motar da aka ajiye a rana, PETG ta fi jure zafi.

Dizayin da ka sauke kyauta a Thingiverse, shafin da ake saka dizayin na firintar 3D, ma ba lallai kana da izinin sayarwa ba. Duba lasisin Creative Commons da ke jiki, in ka ga NC ba na kasuwanci ba ne, in ka ga BY dole ka ambaci mai shi.

Sai masu jibge komai a manhaja ɗaya. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke kusan awa shida, manhajar gajerun bidiyo ta Vine kuma an rufe ta a 2017 duk da tarin mabiyan da wasu suka tara a can. Ka nemi izinin kwastomominka ka ajiye lambobinsu ko imel a wani wuri daban, asalin hotuna da bidiyonka kuma ka kwafe su a filashi ko kwamfuta duk ƙarshen wata.